Sabuwar kwamfutar manyan ayyuka: shin ta cancanci kuɗinta?

Idan ƙungiyarku ko ma'aikatarku ta yanke shawarar sayen kwamfuta, ɗan kasuwa zai kawo muku takardar farashi. A cikin takardar kuna iya ganin kwamfutocin tebur guda biyu masu kama da juna a ido, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar sau biyar ko fiye. A gaban mai tsadar za ku ga an rubuta "station de travail" da Faransanci, ko "workstation" da Ingilishi. Mu a nan za mu kira ta kwamfutar manyan ayyuka. Mai sayarwa zai ce muku sabuwar fitowa ce, babu kamarta a kasuwa. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma tambayar da ta shafe ku ita ce: shin aikin da ke hannunku zai iya mayar muku da wannan kuɗi?

Wace irin na'ura ce?

Kwamfutar manyan ayyuka kamar gingimari take a cikin motoci. An ƙera ta domin kaya mai nauyi da tafiya mai nisa, dare da rana ba hutu. Masu zanen gidaje da gadoji ne ke aiki da ita, da masu haɗa fim, da masu nazarin hotunan tauraron ɗan adam, da likitocin da ke duba hotunan cikin jikin mutum. Ba yau aka fara ta ba. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka, wanda aka kafa a 1982, da irinta ya yi suna. A kan wata irinta mai suna NeXT ne Tim Berners-Lee ya kafa shafin farko na yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN, kusa da birnin Janeba, a 1990. Sunayen da za ku fi cin karo da su a takardun ƴan kasuwa su ne HP Z, da Dell Precision, da Lenovo ThinkStation, sai kuma Mac Studio da Mac Pro na kamfanin Apple.

Abin da ya sa take da tsada yana cikin cikinta. Na farko shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Ku ɗauke shi kamar ƴan gayya a gona. Furosesar kwamfutar ofis tana da ma'aikata huɗu, ko shida, ko takwas. A 2023 kamfanin AMD ya fitar da wata mai suna Threadripper PRO 7995WX mai ma'aikata 96. Sai dai a lura: ƴan gayya 96 suna da amfani ne idan gonar tana da faɗi. Idan kunya ɗaya ce za a nome, mutum ɗaya ne zai duƙa, saura su tsaya kallo. Rubuta wasiƙa, da lissafin kuɗin asusu, da jera sunayen ƴan ƙungiya, duk kunya ɗaya ce.

Na biyu shi ne ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, inda kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take yi a lokacin. Wani sa'i kuskure kan faɗa cikin wannan ma'adana, lamba ɗaya ta juye ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Manyan kwamfutoci da yawa suna amfani da wani nau'i mai suna ECC, wanda ke gano irin wannan kuskure ya gyara shi da kansa. Wani bincike da aka yi a kan na'urorin kamfanin Google, aka bayyana shi a 2009, ya nuna fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan ma'adanar suna samun kuskure aƙalla sau ɗaya a shekara. Ga injiniyan da ke lissafin ƙarfin gada, ko wanda ya bar na'ura tana lissafi kwana uku a jere, wannan kariya babba ce. Ga sakataren da ke buga rahoton taro, da wuya ya taɓa sanin da ita.

Na uku shi ne katin hoto, wanda ke zana abin da ake gani a allo. Na manyan ayyuka, kamar waɗanda kamfanin NVIDIA ke yi, shi kaɗai yana iya fin kwamfutar ofis sukutum tsada. Akwai kuma wani abu da ake biya wanda ido ba ya gani: masu manhajojin zane irin su Autodesk suna gwada na'urar, su ba da shaida cewa manhajarsu za ta yi aiki a kanta ba tare da tangarɗa ba. Wanda ba ya aiki da waɗannan manhajoji ya biya kuɗin shaidar da ba za ta amfane shi da komai ba.

Nawa ne kuɗinta?

Farashin da za mu ambata a dalar Amurka yake, kada a haɗa ta da dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar. Furosesar nan mai ma'aikata 96 ta fito a kan dala 9,999, wato wajen miliyan 6 na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci, kuma ita kaɗai ce, babu akwati, babu allo. A 2025 magajiyarta mai suna 9995WX ta fito a kan dala 11,699. Ita ma ma'aikata 96 gare ta. Ta fi ta farko sauri, wannan babu musu, amma ƙarin dala 1,700 sai wanda ya auna aikinsa ne zai iya cewa ya dace.

Misalin da ya fi koyar da mai saye shi ne na Apple. A 2023 kamfanin ya fitar da Mac Pro a kan dala 6,999, fiye da miliyan 4 na sefa ke nan. A lokaci guda ya fitar da Mac Studio mai ɗauke da furosesa iri ɗaya, M2 Ultra, a kan dala 3,999. Ƙwaƙwalwa ɗaya, bambancin dala 3,000. Mafi yawan abin da mai sayen babbar ya samu a kan wannan ƙari shi ne katon akwati mai guraben da ake cusa wasu katuna na musamman. Masu ɗakin ɗaukar sauti da gidajen talabijin suna buƙatar waɗannan gurabe. Wanda ba shi da katin da zai cusa, iska ya saya.

Ku sani kuma cewa tun daga ƙarshen 2025 farashin ma'adanar RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashe ta. Kwamfutar manyan ayyuka kuwa ma'adana mai yawa take ci. Don haka takardar farashin da aka ba ku watanni shida da suka wuce, a sake tambaya kafin a dogara da ita.

Kuɗin da ba a rubuta a takarda ba

Nan ne ya kamata ku fi natsuwa, domin farashin da ake bugawa a Amurka ko Faransa ba shi ne na Maraɗi ko Damagaram ba. Da farko akwai kuɗin jigila, da na duwan, da harajin TVA, da ribar ɗan kasuwa. Bayan na'ura ta iso kuma sai ta fara cin nata.

Tana cin wuta. Furosesar da muka ambata ita kaɗai tana iya jan watt 350, katin hoto mai ƙarfi ya ja wajen 300 a kai. Mu yi lissafi mai sauƙi, irin wanda kuka saba yi a aji. A ce na'ura tana jan watt 400 na tsawon awa 8: kilowatt-awa 3.2 ke nan a rana. Ƙaramar kwamfutar ofis mai jan watt 40, a cikin awa 8 ɗin nan, kashi ɗaya cikin goma na wannan za ta ci. Ku duba takardar NIGELEC ta watan jiya, ku ga kuɗin kilowatt-awa ɗaya, ku ninka da 3.2, sannan ku ninka da kwanakin aiki na shekara. Idan kuwa da hasken rana ofishinku yake aiki, to ƙarin farantai da batura ne ke jiranku, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne.

Sai ɗaukewar wuta. Ba mu manta da abin da ya faru daga watan Agusta na 2023 zuwa farkon 2024 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke shigowa daga Najeriya, garuruwa suka koma karɓa-karɓa. A irin wannan hali mai kwamfutar hannu yana ci gaba da aiki da batirinta. Kwamfutar tebur kuwa wuta na ɗaukewa take mutuwa, da aikin da ba a adana ba. Dole a saya mata akwatin batir mai riƙe wuta, wanda masu gyara ke kira ondiler, kuma ƙaramin da ake sa wa kwamfutar ofis ba zai ɗauke ta ba.

Ga zafi. Masu ƙera waɗannan na'urori yawanci suna rubuta cewa kada zafin ɗaki ya wuce digiri 35. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, a Yamai ko Tawa, zafi yakan haura digiri 40 a inuwa. Idan ɗaki ya yi zafi, na'urar da kanta take rage gudu domin kada ta ƙone, sai ku ga saurin da kuka biya miliyoyi dominsa ya tafi. Ke nan na'urar sanyaya ɗaki ta shiga cikin lissafi, da wutar da ita ma za ta sha. Ƙurar hunturu kuma fankokin na'urar ne ke zuƙo ta ciki, ta toshe hanyar iska, zafi ya ƙaru.

Batun garanti ma a tsaya a kansa. Yawancin waɗannan kwamfutoci ana sayar da su da garantin shekara uku, kuma kuɗinsa yana cikin farashin. A tambayi mai sayarwa a fili: idan ta lalace, wa zai gyara, a wane gari, kayan gyaran daga ina za su zo, cikin kwana nawa? A sa ya rubuta amsar a takarda. Wasu sassanta, kamar akwatin wutar da ke ciki, ƙirar kamfanin ce ta musamman, ba a samun madadinsu a shagon kasuwa. Na taɓa ganin irin wannan na'ura a ofishin wata ƙungiya, an lulluɓe ta da zane wata da watanni ana jiran wani ɗan ƙaramin sashe daga waje, alhali sakatariyar tana buga rahotanninta a tsohuwar kwamfutar hannu.

Wa ta dace da shi?

Ma'auni ɗaya ne: lokacin da mutum ke ɓatawa yana jiran na'ura, kuɗi ne ko ba kuɗi ba? Ku ɗauki mai haɗa fina-finai da bidiyon biki. A ce tsohuwar kwamfutarsa tana ɗaukar awa 3 kafin ta kammala fitar da fim, sabuwar kuma awa 1. Awa 2 ke nan ya samu a rana, awa 500 a cikin kwanakin aiki 250. Idan akwai masu jiran layi da zai yi wa aiki a waɗannan awowi, na'urar za ta biya kanta. Idan fim biyu yake samu a wata, zai fi masa ya bar tsohuwar tana aiki da dare, ya kwanta abinsa.

Haka abin yake ga cibiyoyi irin su AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, inda ake nazarin damina da amfanin gona da makiyaya na ƙasashen Sahel ta hotunan tauraron ɗan adam. Mai irin wannan aiki, da mai zanen taswira, da ofishin injiniyoyin gini, da malamin jami'a mai lissafi mai nauyi, su ne aka yi na'urar dominsu. A hannunsu ba almubazzaranci ba ce.

Amma ƙungiyar manoma, da asusun mata, da bankin cimaka, da kantin magani, aikinsu rubutu ne da lissafi da aika saƙo. A ganina, kuɗin kwamfutar manyan ayyuka guda ɗaya ya fi amfani idan aka raba shi: kwamfutar hannu biyu ko uku, da na'urar buga takarda, da faifan ajiya na waje domin kwafin bayanai, sauran kuma a biya wanda zai koya wa mutane aiki da su. Sau da yawa abin da ke jinkirta aiki a ofisoshinmu yatsun da ba su saba da madannai ba ne, da intanet mai rarrafe. Babu furosesar da ke maganin waɗannan biyun.

Sabuwa, ko ta bara, ko ta hannu?

Ko wanda aikinsa ke buƙatar ƙarfi ba lalle ne ya sayi sabuwar fitowa ba. Idan sabon samfuri ya fito, na baya yakan sauko, alhali ƙarfinsa bai ragu ba. Akwai kuma na hannu, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka ke sayarwa bayan shekara uku ko huɗu, kuma da yake ƙirarsu mai ƙwari ce sukan jima suna aiki. Sai dai akwai tarko. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ga jama'a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar tsofaffin furosesa. Na'urori irin su HP Z440 da Dell Precision T5810, waɗanda suka fito a 2014, furosesarsu ba ta cikin jerin da Microsoft ya amince da shi. Ana iya sa musu Linux, wadda kyauta ce, kuma manhajar taswira ta QGIS tana aiki a kanta lafiya lau. Amma sai an tabbata manhajar da kuke buƙata ma tana aiki a can.

Kafin ku sa hannu a takarda, ku ɗauki aikinku na gaske, fim ne ko taswira ko zanen gini, ku je da shi wurin mai sayarwa a ƴar makullin USB. Ku ce a gwada shi a kan mai tsadar, a kuma gwada shi a kan mai sauƙin kuɗin, agogo yana hannunku. Ku rubuta mintocin da kowace ta ɗauka a gefen farashinta, ku kai wa kwamitin ƙungiya takardar.