Wa Ke Tsaron Numfashi? Tarihin Masu Allurar Barci Daga Boston Zuwa Shika



In aka ce za a yi wa mutum aiki, dangi sukan tambayi likitan da zai yanka, amma da wuya ka ji an tambayi wanda zai sa shi barci. Alhali kuwa, bayan ikon Allah, mutumin nan da ke tsaye daidai kan majinyaci yana lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa, shi ne mai gadin ransa har a gama. A asibitoci irin na Ikara da Makarfi da Hunkuyi, galibi nas ne da ya yi ƙarin karatu ke wannan aiki. Likitan da ya ƙware a fannin kuwa sai an dangana da manyan asibitoci irin na Shika. To hannun wa ya fi aminci? An haura shekara ɗari ana wannan ja-in-ja.

A da can, wanzami da maɗori ba su da abin kashe zafi, sai dai a danne mutum a ce ya yi jarumta. Turawa ma haka suke har zuwa 16 ga Oktoba 1846, ranar da wani likitan haƙori, William Morton, ya shaƙa wa majinyaci sinadarin ita a birnin Boston na Amurka, aka yi masa aiki a wuya bai yi ihu ba. Da shekara ta zagayo, James Simpson ya fito da kulorofom a Sikotland. Murna ba ta daɗe ba. A Janairun 1848 wata yarinya 'yar shekara 15, Hannah Greener, ta rasu a Ingila bayan an shaƙa mata kulorofom don kawai a cire mata farcen ƙafa.

Daga nan hanya ta rabu biyu. A Ingila likitoci suka riƙe aikin. John Snow, wanda ya ba Sarauniya Biktoriya kulorofom a haihuwarta ta 1853, likita ne, kuma a kan haka ƙasar ta ginu. A Amurka kuwa likitoci sun raina aikin, babu kuɗi a ciki babu suna. Ɗalibai da ƙananan likitoci ake turawa, su kuma hankalinsu na kan wuƙar malaminsu, sai majinyaci ya daina numfashi ba wanda ya lura. Shi ya sa masu tiyata suka koma ga mata ma'aikatan jinya, waɗanda za su zauna su kafa wa fuskar majinyaci ido. Alice Magaw ta asibitin 'yan uwan nan Mayo ta wallafa a 1906 cewa ta sa mutum sama da 14,000 barci ba tare da maganin ya kashe ko ɗaya ba.

Da aikin ya yi daraja sai rigima ta tashi. An je kotu a jihar Kentucky a 1917, an sake zuwa a Kalifoniya a 1936, duka biyun nas-nas suka yi nasara. A 2001 gwamnatin Amurka ta ba jihohi damar barin nas ya yi aikin ba tare da likita na tsaye a kansa ba, sai aka koma faɗan alƙaluma. Wani bincike na shekarar 2000 a jihar Pennsylvania ya ce an fi mutuwa inda babu ƙwararren likita mai sa ido. Wani na 2010 ya ce babu wani bambanci, sai dai ƙungiyar nas-nas ce ta ɗauki nauyinsa. A 2014 masanan Cochrane suka tattara bincike shida da suka shafi majinyata fiye da miliyan ɗaya da rabi, suka ce ba za a iya yanke hukunci ba, domin tun farko masu ciwo mai tsanani likitoci ake kai wa, masu sauƙi a bar wa nas. Ba a gwada gudun doki biyu alhali ɗaya na ɗauke da buhun masara.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, ana cikin wannan ka-ce-na-ce mutuwar ta ragu ƙwarai a hannun kowa. Binciken Beecher da Todd na 1954 ya duba kusan mutum 600,000 a asibitocin jami'a goma na Amurka, ya tarar maganin barci na da hannu a mutuwar 1 cikin 1,560. Yau a ƙasashe masu arziki ana maganar kusan 1 cikin 100,000. Me ya canza? Horo ya ƙaru, magunguna sun gyaru, sannan wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano a farkon shekarun 1970 dabarar da ta haifar da 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa tana nuna yawan oksijin a jini. Kafin ita, sai leɓen mutum ya sauya launi ake gane yana shaƙewa, kuma a fatar baƙin mutum wannan alama tana makara. A 1986 asibitocin Harvard suka wallafa ƙa'idar cewa mai sa barci ba zai bar ɗakin ba, kuma dole a riƙa auna majinyaci a kai a kai.

Mu Najeriya tsarin Ingila muka gada, amma ba mu gaji yawan likitocinta ba. Sashen koyar da wannan fanni na farko mai zaman kansa an kafa shi ne a asibitin koyarwa na Legas a 1962, a hannun wata likita 'yar Kanada, Shirley Fleming. Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da likitanci a 1967, asibitinta kuma ya tare a Shika a 2005. Saboda ƙarancin hannu aka buɗe makarantun da nas mai lasisi zai koma ya yi wata 18 yana koyon sa barci. Maƙwabtanmu na Nijar ma da irin waɗannan ma'aikata suka dogara. Ƙididdigar da haɗaɗɗiyar ƙungiyar likitocin fannin ta duniya ta fitar a 2017 ta nuna Najeriya ba ta kai likita ɗaya ga mutum 100,000 ba, alhali biyar ake so. 'Yan kaɗan ɗin ma suna manyan birane, wasu kuma sun kama hanyar Saudiyya da Ingila.

Ba zan ɓoye alƙaluman da ba su yi wa nas daɗi ba. Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2016 kan mata masu haihuwa a ƙasashe masu tasowa ya nuna mace 9.8 cikin 1,000 ta rasu a hannun waɗanda ba likitoci ba, 5.2 a hannun likitoci. Tazarar ba ƙarama ba ce. Sai dai a tambaya: a ina kowannensu ke aiki? Likitan yana inda akwai ma'ajiyar jini da ɗakin kulawa ta musamman da abokan shawara. Nas yana inda ake kawo mace cikin dare daga ƙauye, ta kwana biyu tana naƙuda, jini ya zuba, wuta ta ɗauke, tukunyar oksijin ta kusa ƙarewa. Allurar baya da ake yi wa masu haihuwa tana iya faɗar da hawan jini cikin mintoci kaɗan, in babu ruwa da maganin ɗaga shi a kusa, kowane irin digiri ba zai yi amfani ba. Shi ya sa ketamin, wanda aka haɗa a 1962, ya zama abin dogaro a karkara, don bai cika danne numfashi ko karya hawan jini ba.

A ganina faɗan Amurka na mutum biyu ne da kowannensu ke da kayan aiki. Ga mutumin Kudan ko Paki, in aka cire nas ba ƙwararren likita ne zai maye gurbinsa ba. Ko dai likita ɗaya ya yi allurar ya zagaya ya ɗauki wuƙa, irin abin da Amurka ta guje wa tun ƙarni na 19, ko a ɗora mace a mota zuwa Zariya tana zubar da jini. Abin nema a wurin gwamnatin jiha shi ne a tura ƙarin nas karatun, a ba su na'urar yatsa da oksijin, a haɗa su da likitocin Shika ta yadda za a riƙa duba aikinsu, su ma su san majinyacin da ya fi ƙarfinsu tun da wuri. Haka nan a duba abin da ke biyo bayan aikin: binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25, aka buga a 2018, ya tarar yawancin masu rasuwa ba a kan teburin tiyata suke cikawa ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin jinya.

Akwai kuma rabon dangi. A 1946 wani likita a New York, Curtis Mendelson, ya bayyana yadda abin da ke cikin tumbin mai naƙuda ke komowa ya shiga huhunta idan an sa ta barci. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake hana cin abinci awa shida kafin aiki. Don haka in mai allurar barci ya tambayi yaushe rabon majinyaciya da abinci, a faɗa masa har kunun da aka ba ta a ɓoye don tausayi, da jiƙon da ta sha a gida.