Gishiri: Yadda masana'antun abinci ke tasiri a lafiyar al'umma

Gishiri na cikin kayan abinci ƙalilan da babu gidan da ba ya amfani da su, ko na mai kuɗi ko na talaka. Shi ya sa masana lafiya ke kafa misali da shi wajen nuna cewa abin da masana'anta ta zuba a abinci, ko ta rage, yakan shafi lafiyar miliyoyin mutane ba tare da sun sani ba. A Nijeriya, da gishiri aka yaƙi cutar maƙoƙo, kuma a yau yawansa na cikin manyan abubuwan da ke haddasa hawan jini.

Aidin da cutar maƙoƙo

Jikin ɗan Adam na buƙatar sinadarin aidin, ɗan kaɗan, domin wata ƙwaya da ke gaban wuya ta samar da sinadaran da ke tafiyar da girman jiki da ƙwaƙwalwa. Idan aidin ya yi ƙaranci, ƙwayar takan kumbura, abin da ake kira maƙoƙo. Illar ta fi tsanani ga mai juna biyu, domin takan jawo ɓari ko ta tauye ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki.

Ƙasar Suwizalan ce ta fara zuba aidin a gishirin girki a 1922, Amurka ta biyo baya a 1924. Nijeriya ta wajabta hakan a 1993, kuma cikin shekara goma kusan duk gidajen ƙasar sun koma amfani da gishiri mai aidin. Babban dalilin nasarar shi ne yawancin gishirin da ake ci a ƙasar yana bi ta hannun manyan kamfanoni ƙalilan, don haka sa musu ido bai yi wa hukumomin SON da NAFDAC wahala ba. Mutane ba su sauya cimarsu ba, gishirin aka sauya musu. Sai dai gishirin gargajiya, irin kantun da ayarin raƙuma ke kawowa daga Bilma ko wanda ake dafawa a Awe da Keana a Jihar Nasarawa, ba ya bi ta masana'anta, saboda haka galibi ba a ƙara masa aidin.

Sodiyam da hawan jini

Abin da ke cutarwa a gishiri idan ya yi yawa shi ne sinadarin sodiyam. Yakan sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru a jijiyoyi, zuciya ta riƙa aiki fiye da ƙima. Idan aka daɗe a haka sai hawan jini ya kama mutum, wanda ke kai wa ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da lalacewar ƙoda. Cutar kan ɗauki shekaru ba ta nuna alama ba, har sai an yi gwaji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya ci gishirin da ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Amma alƙaluman hukumar sun nuna abin da ake ci a duniya ya ninka haka sau biyu, kuma tana danganta mutuwar kusan mutum miliyan biyu a kowace shekara da yawan sodiyam.

Inda gishirin yake ɓuya

Ba wanda uwargida ta barbaɗa a miya kaɗai ake lissafawa ba. Dunƙulen ɗanɗano, wanda kamfanin Maggi na Suwizalan ya fara fitarwa a 1908, ya maye gurbin daddawa a tukwane da yawa, kuma kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Akwai sodiyam a farin magi, da garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliya, da burodi, da kifin gwangwani, da yajin tsire da kilishi. Ita kanta kanwa sodiyam ce ta fi yawa a cikinta. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya karya da shayi da taliya, ya ci na rana a wurin mai abinci, ya dawo gida ya ci tuwo, yana iya zarce ƙa'idar ba tare da ya taɓa gishiri da hannunsa ba. Kamfanoni na son gishiri ne domin yana da arha, yana hana abinci lalacewa, kuma harshen da ya saba da shi yakan nemi ƙari.

Matakan da wasu ƙasashe suka ɗauka

Birtaniya ta fara wani shiri a 2003, inda ta sa kamfanoni rage gishiri a burodi da sauran kayayyaki sannu a hankali, yadda masu saye ba za su ji bambanci ba. Zuwa 2011, abin da mutum ke ci a rana ya sauko daga giram 9.5 zuwa 8.1. Afirka ta Kudu kuwa doka ta kafa, wadda ta fara aiki a 2016, ta ƙayyade iyakar sodiyam a burodi da dunƙulen ɗanɗano da sarrafaffen nama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa rage gishiri ba ya karo da shirin aidin, muddin hukumomi suna daidaita adadin da ake zubawa.

A gida, likitoci na ba da shawarar a sayi gishiri mai aidin, a adana shi a rufe a wuri busasshe, a guji haɗa gishiri da dunƙule da farin magi a tukunya ɗaya, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, kuma duk baligi ya riƙa auna jininsa lokaci zuwa lokaci.