Shayin Da Aka Zubar A Teku: Me Ya Raba Amurka Da Ingila?

Ni ɗan kasuwa ne ya haife ni, a bakin rumfa na tashi, kuma ban taɓa ganin mai saye ya yi fushi don kaya sun yi araha ba. Shi ya sa labarin birnin Boston ya daɗe yana ɗaure mini kai. A daren 16 ga Disamba, 1773, mutanen garin suka hau jiragen ruwa uku, suka farfasa akwati 342 na ganyen shayi suka zubar a teku, alhali sabuwar doka ta sa shayin ya sauko da kuɗi. To me ya yi zafi?

Sai mun ɗan koma baya. Tun 1607 Turawan Ingila suka kafa mazauninsu na farko mai ɗorewa a Jamestown. A hankali yankunan suka kai 13, kowanne da majalisarsa da ke yanka wa mutanensa haraji. Fiye da shekara 150 suna can, sun haifi 'ya'ya da jikoki da ba su taɓa ganin Landan ba, amma duk da haka suna ɗaukar kansu talakawan Sarkin Ingila masu cikakken haƙƙi. Mu da aka haifa nesa da garin iyayenmu mun san wannan hali. Ita kuwa Ingila ta daɗe tana kau da kai, ana fasa-ƙwauri, jami'an kwastan na runtse ido.

Yaƙi ne ya canza zance. Daga 1754 zuwa 1763 Ingila ta gwabza da Faransa a nahiyar, ta yi nasara, amma bashin da ke kanta ya kusa ninkawa. Sai gwamnati ta ce tunda don kare Amurkawa aka yi wahalar, su ma su kawo nasu. A 1763 ɗin kuma Sarki George na Uku ya hana su ƙetare duwatsun Appalachia su kafa gonaki, don gudun rikici da 'yan asalin ƙasar. Masu harin filaye suka ji haushi.

A 1764 aka yi dokar sukari. Abin mamaki, rage kuɗin fito ta yi a kan ruwan rake mai kauri da ake shigowa da shi, daga sisi zuwa taro a kan galan. Sai dai a da ba a cika biya ba, yanzu kuwa an tsaya sai an karɓa. A 1765 aka zo da dokar kan sarki: jarida, takardun kotu, har karta, duk sai da hatimin da aka biya kuɗinsa. Nan fa aka tayar da jijiyar wuya. Wakilan yankuna tara suka taru a New York suka ce majalisar Landan ba ta da ikon ɗora musu haraji, domin ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. 'Yan kasuwa suka daina odar kayan Ingila. Da ciniki ya tsaya, fataken Landan da kansu suka matsa wa gwamnati, aka soke dokar a 1766. Amma a rana guda majalisar ta kafa wata doka mai cewa tana da ikon zartar musu da hukunci a kan komai. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

A 1767 aka sake sa fito a kan gilashi, fenti, takarda, dalma da shayi. Aka sake ƙaurace wa kaya, aka turo sojoji Boston. Ranar 5 ga Maris, 1770 sojoji suka buɗe wuta kan taron jama'a, mutum biyar suka mutu. Aka janye harajin duka ban da taro a kan shayi, wanda aka bari da gangan don a nuna wa ke da iko.

Yanzu mu dawo kan shayinmu. Dokar 1773 ta ba kamfanin East India, wanda bashi ya yi wa katutu, damar kawo shayinsa kai tsaye ya sayar ta hannun dillalan da ya zaɓa. Duk ɗan kasuwa ya san ma'anar haka: an yanke ƙananan fatake, masu fasa-ƙwauri ma kasuwarsu ta mutu. Wanda kuma ya sayi shayin don araha, ya biya taron nan, ya amince ke nan da ikon Landan. Arahar ƙugiya ce.

Ingila ta mayar da martani a 1774 da rufe tashar jiragen ruwan Boston da tauye ikon majalisar Massachusetts. Maimakon sauran yankuna su tsorata, sai 12 daga cikinsu suka haɗu a Philadelphia. Ranar 19 ga Afrilu, 1775 aka fara harbe-harbe a Lexington da Concord. Ko a lokacin da yawa sulhu suke nema, sai da Sarki ya ƙi sauraron kokensu ya kira su 'yan tawaye, sannan ɗan littafin Thomas Paine na Janairu 1776 ya juya ra'ayin jama'a. Ranar 4 ga Yuli, 1776 suka ayyana 'yanci, Ingila kuma ba ta amince ba sai 1783.

Gaskiya ɗaya kada mu ɓoye ta. Masu kukan an mayar da su bayi, su kansu suna riƙe da baƙar fata kimanin rabin miliyan cikin bauta, har da Thomas Jefferson da ya tsara takardar 'yancin.

Abin da na fahimta shi ne, ba nauyin kuɗin ne ya raba su ba, don mutanen Ingila sun fi su biyan haraji nesa ba kusa ba. Rashin shawara ne. Mahaifina kan ce kuɗin da aka zauna da kai aka yanka ba ya ciwo, ko da yana da yawa. Ingila ta riƙe taro, ta rasa ƙasa.

Allah ya ba shugabanni ikon sauraron na ƙasa da su. Wassalam.