Daga Riƙon Amana Zuwa Wakilin Majalisa: Tarihin Sa Ido Kan 'Yancin Addini

Da yawa daga cikin Hausawan da ke shimfiɗa darduma a gefen titi ranar Juma'a a unguwar New Bell ko Bonabéri a Duwala, sa'ad da masallaci ya cika ya batse, ba su san cewa Kamaru tana cikin ƙasashen farko da aka ɗora wa duniya alhakin sa ido kan ibadar mutanenta ba. Asalin al'amarin kuwa shi ne, bayan da Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Farko, aka raba ƙasar tsakanin Faransa da Ingila bisa sharaɗin riƙon amana, sai takardun da Ƙungiyar Al'ummai ta tabbatar a 1922 suka wajabta wa masu riƙon su bar kowa ya bi aƙidarsa, muddin bai ta da fitina ba. Hukumar da ke duba rahotanninsu a Janeba, wadda Gwamna Lugga ya zauna cikinta daga 1923, ba ta taka ƙasar ba ko sau ɗaya, kuma duk mai kuka tilas takardarsa ta bi ta hannun wanda yake ƙara. Sai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gaji amanar a 1946 aka fara aiko tawaga, ta farko a 1949, har talaka ya samu miƙa ƙorafinsa hannu da hannu.

Amma hukumar da ta keɓanta da sha'anin addini ba ta samu cikin sauƙi ba. Ko da yake aya ta 18 ta Bayanin Haƙƙin Ɗan Adam na 1948 ta tabbatar da 'yancin imani, kuma Arcot Krishnaswami na Indiya ya kammala bincikensa kan wariyar addini a 1959, da Babban Taron Majalisar ya nemi a tsara dokoki kan wariyar launin fata da ta addini a 1962, ta launin fata ce kaɗai ta zama yarjejeniya a 1965, ta addini kuwa ta maƙale cikin saɓani, domin ƙasashen gurguzu sun dage sai an ambaci 'yancin rashin imani, wasu ƙasashen Musulmi kuma suka ƙi lafazin sauya addini, kasancewar hukuncin ridda sananne ne a fiƙihu. Bayan shekara goma sha tara ana tufka da warwara, aka yi ittifaƙi ranar 25 ga Nuwamba 1981 a kan sanarwa kurum, wadda ba ta da ƙarfin ɗaure kowace gwamnati.

Don kada sanarwar ta zama zance a takarda, Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙirƙiro muƙamin wakili na musamman a 1986, ta danƙa wa Angelo d'Almeida Ribeiro na Fotugal. Abdelfattah Amor, malamin shari'a ɗan Tunisiya da ya gaje shi a 1993, shi ya nemi a canza sunan muƙamin daga binciken ƙiyayyar addini zuwa kare 'yancin addini da aƙida, aka kuwa amince a 2000. Daga nan Asma Jahangir ta Pakistan ta karɓa a 2004, ta ziyarci Nijeriya a 2005 lokacin da ake tsakiyar muhawara kan shari'a a jihohin Arewa, sannan Heiner Bielefeldt, da Ahmed Shaheed, da Nazila Ghanea tun 2022.

Wakilin ba shi da albashi, ba ya yanke hukunci, ba ya kuma shiga ƙasa sai gwamnatinta ta gayyace shi. Idan kuka ya isa gare shi, sai ya rubuta wa gwamnati wasiƙa yana neman bayani, daga baya a buga wasiƙar tare da jawabin da aka ba shi, ko a rubuta cewa an yi shiru. Mas'alolin da ake kai masa ba baƙi ba ne a Duwala, garin da ya ga haramta Shaidun Jehobah daga 1970 zuwa 1993, da dokar 1990 da ta shardanta izinin shugaban ƙasa kafin a amince da ƙungiyar addini, da hana niƙabi a 2015 bayan hare-haren Boko Haram a Arewa Mai Nisa.

Masu suka suna cewa hukumar da ba ta da ikon zartarwa ba ta tsinana kome, kuma akwai gaskiya a zancensu. Sai dai wanda ya kwatanta zamanin da Faransa ke rubuta shaidar kanta da kanta, da yau da limamin unguwa ko fasto zai iya aika kukansa Janeba ba tare da neman yardar gwamna ba, zai fahimci abin da aka samu cikin waɗannan shekaru: zaluncin da aka yi wa mai ibada yanzu yana da inda ake rubuta shi, da suna da kwanan wata, kuma a tambayi mai mulki dalilinsa a bainar jama'a.