Garka da jar akuya: darasin shekarar El Buhari

Yau za mu koma baya kaɗan, zuwa shekarar 1984. Mu da muke ƴan shekara talatin da wani abu ba mu gan ta ba, amma babu gidan da ba a ba mu labarinta ba.

Damana ta ƙi a wannan shekara. Hatsi ya ƙone a gona tun bai yi kai ba, bisashe suka dinga faɗuwa a daji. Ga shi kuma tun watan Afrilu gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, hanyar da cimaka ke shigo mana ta toshe. Shi ya sa har gobe tsofaffinmu ke kiran wannan yunwa El Buhari.

Kafin nan, gyaɗa ce sarauniya a ƙasar Maraɗi da Damagaram. Tun zamanin Nasara ita ke biyan haraji, bayan samun ƴancin kai kuma kamfanin SONARA ke saye. Manomi ya saba da sayar da gyaɗa ya riƙe kuɗi. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, harkar ta durƙushe. Da 1984 ta iso, gidaje da dama ba kuɗi, ba hatsi a rumbu.

A nan ne Janar Seyni Kunce ya matsa wa ƙasa lamba kan noman rani, abin da ake kira kontar-sezon. Aka gina rijiyoyi a fadamu da bakin tafkuna, aka raba iri, aka ce kowa ya duƙa: shu, salati, tumatir, kwambitar, rogo. Amma a faɗi gaskiya, ba gwamnati ta ƙago garka ba. Mutanen gulbin Maraɗi, da na Mirriya, da masu albasa na Galmi sun daɗe suna ban ruwa da jigo da guga. Abin da mulkin soja ya yi shi ne ya mai da sana'ar wasu ta zama ta kowa.

To mi ya sa ɗan fili ke iya riƙe gida? Don komai na cikinsa yana ciyar da ɗan'uwansa. Harawar wake da ganyen garka su tafi ga akuya. Kashin akuya ya koma garka ya zama taki. Zogala ta shiga tukunya, rarar ta tafi kasuwa a sayo tiyar hatsi. Ita kuwa jar akuyar Maraɗi, wadda aka buɗe wa cibiyar kiwo tun 1963, ta yi suna wajen haihuwar tagwaye, ga nono ga fata mai daraja. Ita ce bankin mace: ran da yaro ya kwanta ko ɗiya za ta ɗaki, a kama ɗan bunsuru a kai kasuwa, ba sai an taɓa rumbu ba.

Har itace ya shigo cikin lissafin. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi. A daidai lokacin kuma wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana ta kiran manoma da su daina tumɓuke kututture, su gyara tohon su bar shi ya girma. Shi ne sassaben zamani. Dubi gawo: da damana ya zubar da ganye, bai tare wa hatsi rana, da rani kuma ƴaƴansa abincin bisashe ne.

Ba duka filayen kontar-sezon suka rayu ba. Inda fili na aro ne, da damana ta gyaru mai shi ya amshe abinsa. Inda ba shinge, bisashe suka cinye. Inda kowa ya shuka abu guda ba hanyar kai shi kasuwa, tumatir ya ruɓe a kwando. Waɗanda suka tsaya su ne masu filin kansu, da ruwa kusa, da ƴan awaki a gida. Da yunwar 2005 ta zo, an sake ganin bambancin gidan da ke da abin sayarwa da wanda ba ya da komai sai jiran taimako.

Abin da ke damuna yau shi ne yadda gonakin bakin gari ke komawa filayen gini. Gado na faɗowa, magada su sayar, a raba, wani ya sayi babur, wani ya nufi Libiya. Kuɗin kan ƙare cikin shekara guda, filin kuwa ba ya dawowa.

Ɗan'uwa, kafin ka sa hannu a takardar sayar da garkar mahaifinka, je ka zauna da tsohuwar gidanku. Tambaye ta mi kuka ci a shekarar El Buhari, kuma daga ina ya fito.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da fari.