Yadda Zanen Atamfa Ya Koma Saƙon Waya

A da, zanen atamfa kaya ne da sai an ɗauke shi a hannu. Idan ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya ga wani zane ya samu karɓuwa wajen mata, yana so a buga masa irinsa, sai ya yanki ƙyalle ya ba matafiyi. Kafin samfurin ya isa masaƙa, a kwafe shi, a buga, a yi lodi, watanni sun shuɗe, wataƙila yayinsa ma ya wuce. Wannan jinkiri shi ne katangar da ta daɗe tana kare masu zanen asali, irin su Vlisco na garin Helmond a ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1846, da kuma masaƙunmu na Kaduna da Kano.

Kwari ba yau ta fara ganin baƙi ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Kwarori, wato 'yan Labanan da Sham, suka kakkafa kantuna a Fagge, suka riƙe cinikin yadi har dokar 1972 ta mayar da ire-iren wannan kasuwanci hannun 'yan ƙasa. Amma duk canjin hannun nan bai taɓa hanyar da zane ke bi ba.

Abin da ya taɓa ta ya zo ne kashi-kashi. A 1992 aka fitar da tsarin JPEG, wanda ke matse hoto ta hanyar zubar da bayanan da ido ba ya saurin lura da rashinsu. A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, a ƙarshen shekarar kuma Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. A farkon 2005 aka soke ƙa'idar da ke iyakance yawan yadin da ƙasashe ke kai wa kasuwannin Turai da Amurka. WhatsApp ya fito a 2009, wayoyin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010, WeChat ya biyo baya a 2011. Daga nan ƙyalle ya daina buƙatar tikiti.

Aikin da ake yi a can ɓangaren shi ya fi ban sha'awa. Hoton da aka ɗauka a rumfa yakan zo a karkace, da inuwa, da lanƙwasar turmi. Mai zane a kwamfuta, a wata masaƙa ta lardin Zhejiang ko Shandong, zai miƙe shi, ya gano inda zanen ke maimaita kansa, sannan ya rarraba launuka, domin kowane launi da nasa bututun ragar da zai buga shi. Har jijiyoyin nan da ke jikin Holan ba a bari. Asalinsu tsagewar ƙaron da ake shafa wa yadi ce kafin a tsoma shi a rini, shi ya sa ba sa maimaita kansu. A kwafi kuwa zana su ake yi da gangan, don haka tsohon ɗan Kwari yakan warware turmi ya ga tsaga ɗaya tana dawowa a wuri ɗaya, ya yi murmushi.

Akwai masu ɗora wa waya alhakin mutuwar masaƙunmu. Ban yarda ba. UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, shekara biyu kafin a san WhatsApp. Rashin wuta da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwauri ta iyakokin Nijar da Binin sun riga sun gama da ita. Abin da intanet ta yi shi ne rage darajar dillali. Da masaƙa ta iya ganin abin da Kano ke so a rana ɗaya, sai ta ga ba ta buƙatar mai kawo mata labari, ta aiko da mutanenta. A Mayun 2012 jami'an shige da fice suka kama 'yan Sin 45 a Kwari kan cinikin yadi, a 2015 kuma marina suka yi tattaki zuwa fadar Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu suna kukan an kashe musu sana'a.

Abu ɗaya dai ya gagari wayar, shi ne launi. Fuskar waya haske take fitarwa, tana haɗa ja da kore da shuɗi. Rini kuwa shanye haske yake yi, ya maido da saura. Ƙari a kan haka, JPEG ya fi yin rowa da bayanan launi fiye da na haske, WhatsApp kuma yakan sake matse hoton da aka tura. Ruwan goron da amarya ta zaɓa a wayarta don anko na iya sauka a ruwan ƙasa, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Shi ya sa za ka ga yaron shago ya fito da turmi bakin layi yana neman hasken rana kafin ya ɗauki hoto, uban gidansa kuma, idan odar ta kai kwantena, ba ya sakin kuɗi sai an aiko masa da ƙyalle ya murza da yatsunsa.