Kalmomin shari'a a harshen Hausa

Kalmomin shari'a a harshen Hausa su ne kalmomin da Hausawa ke amfani da su a kotu, da ofishin 'yan sanda, da fadar sarki, da kuma wajen bayar da labarin rikici da sasanci. Sun fito ne daga tushe uku: Hausa ta asali, da Larabci, da Ingilishi. A arewacin Jihar Zamfara, kamar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, ana iya jin dukkan ukun a zaman kotu guda, domin alƙali yana sauraron ƙara da Hausa, yana kafa hujja da littattafan fiƙihu na Larabci, dokar da yake aiki da ita kuma an rubuta ta da Ingilishi.

Tarihi

Kalmomin Larabci sun shigo tare da Musulunci da karatun fiƙihun Malikiyya, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Sun ƙara kafuwa bayan jihadin 1804, lokacin da aka naɗa alƙalai a garuruwan Daular Usmaniyya, Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta Diya'ul Hukkam kan mulki da shari'a. Muhammadu Namoda, wanda garin Ƙauran Namoda ya samo sunansa daga gare shi, yana cikin jagororin jihadin a ƙasar Zamfara.

Turawan mulkin mallaka sun bar kotunan alƙalai suna aiki a ƙarƙashin En'e, amma sun kafa nasu kotunan a gefe. A 1960 aka fara aiki da dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda aka tsara bisa ta Sudan. An ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996. A ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, aka fara aiki da ita ranar 27 ga Janairu 2000. Wannan ya dawo da kalmomi irin su haddi da ƙisasi cikin rubutacciyar dokar laifuffuka.

Kalmomin da aka aro daga Larabci

Mafi yawan kalmomin da suka shafi ma'anar adalci da nau'in hukunci daga Larabci suke. Wasu sun shigo tare da harafin "al" na farkonsu, kamar alƙali daga al-ƙadi. Wasu kuma an yi musu ɗafin Hausa, kamar adalci daga adl, da zalunci daga zulm, da hukunci daga hukm.

Haddi shi ne hukuncin da nassi ya ƙayyade, kamar na sata da zina. Ƙisasi ramuwa ce daidai da abin da aka yi, a kisa ko rauni. Diyya dukiya ce da ake biya a maimakon rai ko gaɓa. Ta'aziri horo ne da aka bar wa alƙali ya ƙiyasta. Iƙirari shi ne mutum ya amsa laifi da bakinsa. Akwai kuma shaida, da hujja, da da'awa, da wasiyya, da idda, da hul'i.

Kalmomin da aka aro daga Ingilishi

Kalmomin Ingilishi sun fi yawa a ɓangaren ma'aikata da takardu. Daga cikinsu akwai kotu, lauya, joji, majistare, sammaci, waranti, beli, fursuna da caji ofis. An sauya lafazinsu don su dace da Hausa, wadda ba ta cika son kalma ta ƙare da baƙi ba. Shi ya sa court ta zama kotu, bail ta zama beli.

Hausa ta asali ta riƙe kalmomi kamar ƙara, rantsuwa, gado, fashi, gidan yari, ɗan sanda da ɗaukaka ƙara.

Sauyin ma'ana

Ba kowace kalmar aro ce ta tsaya kan ma'anarta ta Larabci ba, kuma wannan yakan rikita ɗalibai da masu fassara. A Hausa, shari'a tana nufin dokar Musulunci, tana kuma nufin duk wani zaman kotu, ko da a babbar kotun tarayya ne. Balarabe kuwa muhakama yake cewa. Alƙali a Hausa ya haɗa har da alƙalin wasa, wanda Larabawa ke kira hakam. Ta'addanci ya samo asali daga ta'addi, wato ƙetare iyaka, amma abin da Hausawa ke nufi da shi yau Larabawa irhab suke ce masa.

Kalmomin rikici

Rikicin da ya addabi Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda ya ba wasu tsofaffin kalmomi sabon aiki. Garkuwa a da makamin kare jiki ce a fagen yaƙi, yanzu kuma "garkuwa da mutane" na nufin sace mutum don karɓar kuɗin fansa. 'Yan sa kai su ne mutanen gari da suka ɗauki makami don tsaron kansu. Sulhu, kalmar fiƙihu mai nufin sasanta masu jayayya, ita ce aka kira tattaunawar da gwamnatin Bello Matawalle ta fara da 'yan bindiga a 2019. Rundunar tsaron da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a 2024 ana kiranta Askarawan Zamfara, daga askar, wato soja.

Aron ya bi ta ɗaya hanyar ma. A Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, kuma umarnin kotun, wanda aka rubuta da Ingilishi, ya ambaci ƙungiyoyin da sunayensu na Hausa.

Muhimmancinsu a kotu

Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a bayyana masa laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotun. Matsalar ita ce kalma tana iya zama ta Hausa a baki, ma'anarta ta fiƙihu kuma sai wanda ya yi karatu. A shari'ar Safiya Husaini, wadda kotun Gwadabawa ta yanke wa hukuncin jefewa, lauyoyinta sun kafa hujja da cewa ba a bayyana mata ma'anar zina a shari'ance ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Sakkwato ta sake ta a watan Maris 2002.